Rufin Ɗaki: Yaushe Ake Gyara, Yaushe Ake Sauyawa?

Gabatarwa

Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan magana gaskiya ce, sai dai ba ta ƙare zancen ba. Mai ɗaki ya san inda ruwa ke ɗiga, domin nan yake tara ƙwarya ko roba duk daren da aka yi ruwa. Abin da sau da yawa bai sani ba shi ne ta inda ruwan ya shiga, da irin ɓarnar da ya yi a hanya kafin ya ɗigo. Shi ya sa magidanta biyu za su ga ɗigo iri ɗaya, ɗaya ya kashe ɗan kuɗi kaɗan ya huta, ɗayan kuwa ya yi ta faci shekara da shekaru har ranar da rufin zai rufta.

A garin Bakura da ƙauyukansa, da maƙwabtansa Talata Mafara da Maradun a Jihar Zamfara, yawancin jama'a manoma ne. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a shekarar 1978, noman rani ya ƙaru a kan na damina, musamman na shinkafa. Idan amfanin gona ya zo gida, kuɗi ya shigo hannu, tambayar da kan taso a gidaje da yawa ita ce: rufin nan da ya yi yoyo a daminar bana, gyara shi za a yi, ko kuwa kwaye shi za a yi a sa sabo? Kuskure a wannan shawara yana da tsada ta fuska biyu. Wanda ya kwaye rufin da faci kawai yake bukata ya yi asarar kuɗin taki da iri. Wanda ya yi faci a rufin da ya riga ya mutu ya jefa iyalinsa cikin haɗari, domin kusan kowace damina ana jin labarin ɗakin da ya rufta wa mutane suna barci a wani gari na Arewa. Wannan darasi zai nuna yadda ilmin kimiyya da ɗalibi ke koyo a aji zai taimaka wajen raba waɗannan biyu.

Abokan Gaban Rufi

Abubuwa huɗu ne ke cin rufi a wannan yanki: ruwa, iska, rana da gara.

Ruwan da ke sauka a ƙasar Bakura yakan kai kimanin milimita 700 zuwa 900 a shekara, kuma kusan dukkansa yana zuba ne tsakanin watan Yuni da Satumba, ya fi tsanani a Agusta. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Saboda haka rufin da ke da tsawon mita 10 da faɗin mita 5, wato murabba'in mita 50, idan aka yi masa ruwa na milimita 40 a dare ɗaya, ya karɓi lita 2,000, wato duro 10. Aikin rufi shi ne ya sallami wannan ruwa da sauri. Duk inda ruwan ya sami wurin tsayawa, nan ɓarna ke farawa.

Iska ta fi yin ta'adi a farkon damina, lokacin da hadari ke tasowa daga gabas da guguwa a gabansa. Mutane da yawa na zaton iska tura rufi take yi. Alhali idan ta bi ta saman rufi da gudu, matsin da ke sama yana raguwa, sai wanda ke cikin ɗaki ya ɗaga rufin. Ƙarfin nan kuma ba ya tafiya kai ɗaya da gudun iskar: idan gudun ya ninka sau 2, ƙarfin ninkawa yake yi sau 4. Iskar da ke gudun kilomita 90 a awa na iya jan kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 35 zuwa 40. A kan rufin can mai murabba'in mita 50, wannan ya doshi kilo 2,000, ga shi kuwa kwanon da ke kansa duka bai wuce kilo 200 ba.

Rana kuwa a hankali take aikinta. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, kwanon da ke fuskantar rana ya fi haka nesa, da dare kuma ya huce. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi. Fallen kwano mai tsawon mita 3, idan zafinsa ya sauya da digiri 40, tsawonsa kan sauya da kusan milimita 1 da rabi. Abin kamar bai taka kara ya karya ba, amma kullum ake yin sa, shekara da shekaru, har ramin ƙusa ya buɗe. Haka nan rana ke tsattsaga yaɓen rufin ƙasa.

Gara ita ce ta huɗu, kuma ita ce mafi munafunci, domin daga ciki take cin itace ta bar bayansa sumul.

Fata da Ƙashi

Kowane rufi, na ƙasa ne ko na kwano ko jinka, yana da sassa biyu, kamar jikin dabba. Akwai fata, wato abin da ke tare ruwa: yaɓe, ko fallen kwano, ko ciyawa. Akwai kuma ƙashi, wato abin da ke ɗauke da nauyi: azara, ko katako, ko tsaiko. A ƙarƙashinsu duka akwai bango, wanda shi ne ƙafar da rufin ke tsaye a kai.

Ɗigo cutar fata ce. Amma abin da ke yanke hukunci tsakanin gyara da sauyawa shi ne lafiyar ƙashi. Fata na iya lalacewa sarai ƙashi yana nan garau, a nan gyara ya isa. Fata kuma na iya kasancewa da kyan gani alhali ƙashi ya ruɓe, a nan faci yaudarar kai ne.

Akwai wata ƙa'ida da ya kamata ɗalibi ya riƙe game da ƙarfin itacen da aka gitta. Ƙarfinsa ya fi dogara da kaurinsa daga sama zuwa ƙasa, kuma ana lissafa shi ne da kaurin sau kansa. Katako mai kaurin santimita 10 yana da ƙarfin da za a kwatanta da 10 sau 10, wato 100. Idan gara ko ruɓa ta cinye santimita 3, saura 7, ƙarfin ya koma 7 sau 7, wato 49. Ke nan an rasa ƙasa da sulusin kauri, amma rabin ƙarfi ya tafi. Wannan ne dalilin da ya sa itacen da ido ke gani kamar da sauransa yake karyewa ba zato.

Rufin Ƙasa

Rufin ƙasa shi ne na gado, kuma har yanzu yana da yawa a tsofaffin unguwanni da ƙauyuka. Magini kan jera azara, wadda ake faskarowa daga giginya, ya shimfiɗa zana ko kara a kai, sannan ya ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya yaɓe, ya karkata saman zuwa wajen indararo. A zamanin nan wasu kan sa leda a tsakani. An fi son azara domin ɓangaren giginya na waje yana da tauri ƙwarai, gara ba ta cika iya masa ba. Amma azara ɗaya ba ta iya tsallake tazarar da ta wuce kimanin mita 2 da nauyin ƙasa a kanta ba tare da ta lanƙwasa ba. Idan aka ninka tazara sau 2 da irin itacen da irin lodin, lanƙwasawar takan ninka sau 16. Don haka ne magina suka ƙirƙiro baka da ɗaurin guga domin rufe manyan soraye.

Rufin ƙasa na iya daɗewa matuƙa idan ƙashinsa bai jiƙa ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara aka yi shi. A shekarun 1970 an lulluɓe babban zaurensa da ginin zamani, aka bar bakunan da ke ciki. Abin da ya kai shi wannan lokaci shi ne kula da fatarsa a kai a kai. Magina na dā suna da sinadaransu na hana ruwa shiga: makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara.

Babbar matsalar rufin ƙasa ita ce nauyi. Tarin busasshiyar ƙasar gini mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1, yana da nauyin kimanin kilo 1,700. Ɗaki mai mita 3 da mita 3, mai ƙasa kaurin santimita 20 a kansa, yana ɗauke da fiye da kilo 3,000, wato buhu 30 masu kilo 100, kafin ma ƙasar ta sha ruwa.

A nan ne wani irin gyara ke zama gyaran gangar Auzinawa. Idan azara ta fara lanƙwasa, saman rufi kan yi kwari, ruwa ya kwanta. Ruwa mai zurfin santimita 5 a kan murabba'in mita 1 kilo 50 ne. Yana kwance yana tsatsafowa cikin ƙasar, yana ƙara mata nauyi, yana jiƙa azara. Itacen da laimarsa ta wuce kashi 20 cikin 100 ya zama abincin ƙwayoyin ruɓa. Mai ɗaki ya ga ɗigo, sai ya kwaɓa ƙasa ya cike kwarin. Kowane sabon yaɓe mai kaurin santimita 3 a ɗakin can ya ƙara kusan kilo 460. Azara ta ƙara lanƙwasa, kwari ya dawo, baɗi a sake ƙara ƙasa. Ko da ruwa na wanke wani abu daga ciki, bayan 'yan shekaru azarar da ta raunana tana ɗauke da lodin da ya fi wanda aka ɗora mata tana sabuwa.

Saboda haka, idan saman rufi ya tsattsage ne kawai, ko indararo ya toshe, ko yaɓe ya zaizaye, amma azara na miƙe kuma a bushe, gyara ya wadatar: a kankare tsohon yaɓen da ya saki tukuna, a cike tsaga, a sake yaɓe da karkata zuwa indararo, a tabbatar indararon ya fito sosai yadda ruwa ba zai bi bango ba. Shafa siminti kai tsaye a kan ƙasa ba ya cika yin amfani, domin su biyun ba sa buɗewa da tsukewa tare. Simintin kan tsage, ruwa ya shige ƙarƙashinsa ya kasa fita. Idan kuwa azara ta yi ciki, ko kawunanta da ke cikin bango sun ruɓe, to ba ƙari rufin ke bukata ba, sauke masa kaya za a yi: a kwashe ƙasar duka, a zaɓi azarar da ke da lafiya a mayar, a sauya sauran.

Rufin Kwano

Kwanon rufi baƙo ne da ya zama ɗan gari. Wani injiniya a Landan mai suna Henry Palmer ne ya yi rajistar dabarar lanƙwasa fallen ƙarfe ya yi tudu da kwari a shekarar 1829. Wannan lanƙwasa ita ke ba siririn falle ƙarfin da zai tsallake tazarar da ke tsakanin katako da katako. A cikin shekarun 1830 kuma wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar tsoma baƙin ƙarfe a narkakken zinki, wanda wasu ke kira tutiya, domin hana shi tsatsa.

Tsatsa na samuwa ne idan baƙin ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin. Zinki na kare ƙarfe ta hanya biyu. Da farko yana rufe shi. Na biyu, ya fi ƙarfen saurin haɗuwa da oksijin, saboda haka ko an ƙarje fallen, zinkin da ke kewaye da ƙarjin ne zai fara cinyewa a madadin ƙarfen. Muddin akwai sauran zinki, kwano na nan da ransa. A busasshiyar iska irin ta Zamfara zinki ya fi daɗewa a kan garuruwan bakin teku irin su Legas, inda gishiri ke cikin iska. Abin da ke gaggauta mutuwarsa a nan shi ne ganye da ƙura da kashin tsuntsaye da ke taruwa su riƙe laima, da hayaƙin madafa, da tururin fitsarin dabbobi, da takin zamani idan an jibge shi kusa da kwano.

Tsufan kwano hawa uku ne. A hawa na farko sheƙinsa ya dushe ya koma ruwan toka. Wannan ba cuta ba ce. A na biyu jajayen tabo sun bayyana, alamar zinki ya ƙare a wurin. Idan aka goge tsatsar da buroshin ƙarfe aka shafa fenti mai hana tsatsa, za a ƙara masa shekaru. A na uku tsatsa ta ratsa, fallen ya yi ƙananan huji, musamman inda falle ya hau kan falle da kewayen ƙusa. Kwalta ko ƙyalle da fenti na iya toshe huji ɗaya ko biyu na ɗan lokaci, amma fallen da ya kai wannan hawa sauya shi ake yi.

Yoyon kwano da yawa ba daga tsufa ba ne, daga aiki ne. Ƙusa mai hula a kan tudun kwano ake buga ta. Wadda aka buga a kwari ta zauna a hanyar ruwa. Falle na sama ya kamata ya hau na ƙasa da aƙalla santimita 15, in ba haka ba iska za ta koro ruwa ta tsakaninsu. Rufin da bai da isasshen gangare ma haka yake. Ƙusar da zafi da sanyi suka sassauta ana cire ta a sa wadda ta fi ta kauri. Duk waɗannan gyara ne mai sauƙi.

Abin dubawa na haƙiƙa shi ne katako da ɗaurinsa. Ƙarfin da iska ke jan rufi da shi yana bi ne daga kwano zuwa ƙusa, daga ƙusa zuwa katako, daga katako zuwa bango. Duk mahaɗar da ta yi rauni, nan za a rabu. Idan ƙusa ba ta kama katako saboda ya ruɓe ko gara ta rarake shi, sabon kwano a kansa ado ne kawai. Idan ba a ɗaure katakon da bango da waya mai kauri ko ɗamarar ƙarfe ba, guguwa na iya ɗauke rufin ɗungurungum. Duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake gani a kan wasu rufuna shaida ce cewa masu su sun san ɗaurin ba shi da ƙarfi. Gefuna da kusurwoyi su ne iska ta fi ja, don haka can ya kamata ƙusa ta fi yawa.

Jinka

Jinka ita ce mafi sauƙin hukunci, domin dama an san fatarta ba ta dawwama. Ciyawa na sallamar ruwa ne idan jinkar na da tsini sosai kuma yantar na da kauri. Idan ciyawa ta yi baƙi ta zube a wani gefe amma tsaiko na nan da ƙarfi, sai a yi baibaya. Idan tsaikon ya karkace ko gara ta ci shi, sabo ake ɗaurawa. Wannan ya shafi rumbu ƙwarai, domin hatsin da ya jiƙa yana yin hunhuna, kuma wani nau'in hunhunar da ke kama gyaɗa da masara yana fitar da guba mai suna afalatoksin, wadda ke lahanta hanta.

Yadda Ake Binciken Rufi

Bincike yana farawa ne tun ana cikin damina. Duk inda aka ga ɗigo ko danshi, a yi masa alama da alli ko gawayi, domin idan rani ya yi wurin zai bushe a manta. A tuna cewa ruwa na iya shiga ta sama can, ya biyo katako ko azara, ya ɗigo a wani wuri dabam. Saboda haka a nemi mashigarsa daga alamar zuwa sama.

Da rani sai a bi waɗannan matakai:

1. A tsaya daga nesa a dubi layin rufin. Ƙololuwar da ta lotsa ko gefen da ya sunkuya alamar ciwon ƙashi ne.

2. A shiga ɗakin kwano da tsakar rana a rufe ƙofa da taga. Duk huji zai bayyana kamar tauraro. A ƙirga fallayen da ke da su.

3. A ja zare daga bango zuwa bango a ƙarƙashin azara ko katako, a auna yawan lotsawar a rubuta. Idan bayan 'yan watanni ta ƙaru, rufin tafiya yake yi.

4. A ƙwanƙwasa itacen da ƙarfe, a soka masa tsinin wuƙa, musamman inda ya shiga bango. Lafiyayye na amsawa da ƙara mai kauri, wanda aka rarake kuwa kamar ganga. Garin itace a ƙasa da hanyoyin ƙasa da gara ke ginawa a jikin bango duk shaida ne.

5. A dubi bango. Gefen gabas ya fi shan dukan ruwa. Gindin bango kuma yana tsotso laima daga ƙasa kamar yadda lagwani ke tsotso kananzir, abin da ya fi yawa a gidajen da ke kusa da fadama da filayen ban-ruwa. Bangon da gindinsa ya zaizaye, ko ya karkata, ko ya tsage daga sama har ƙasa, shi za a fara yi wa magani.

Hawa rufi aikin magini ne da kafinta. Ba a hawa rufin ƙasa yana jiƙe, ba a taka tsohon kwano sai a kan layin ƙusa, kuma a kiyayi wayar lantarki. Tsohon silin na asbesto ba a fasa shi ko a yanka shi da zarto, domin ƙurarsa na cutar da huhu. Idan kuwa aka ji azara na ƙara, ko ƙasa na zubowa daga sama, ko ƙofa ta fara cijewa ba dalili, to a fitar da mutane daga ɗakin nan take, a tokare rufin da itace mai ƙarfi, sannan a yi shawara.

Yanke Shawara

Bayan bincike, hanyoyi uku ne a gaban mai gida. Idan ƙashi da bango na da lafiya kuma ɓarnar fata a wuri ɗaya ko biyu take, faci ne. Idan ƙashi na da lafiya amma fata ta mutu ko'ina, sai a sauya fatar a bar ƙashin: sabon kwano a kan tsohon katako, ko sabuwar ƙasa a kan tsohuwar azara. Wannan hanya ta tsakiya mutane kan manta da ita, alhali tana rage kuɗi sosai. Idan ƙashi ya lotsa, ko ruɓa da gara sun bazu a cikinsa, sai a kwaye duka.

Inda aka rasa tabbas tsakanin faci da sauyawa, lissafi ke raba gardama. A raba kuɗin aiki da shekarun da zai yi. A ɗauka, don misali kawai, facin wani rufi zai ci naira 30,000 kuma damina ɗaya zai yi, sabon kwano kuwa zai ci naira 400,000 ya yi shekara 20. Facin ya kama naira 30,000 a shekara, sabon kwano naira 20,000. Idan aka haɗa da buhun shinkafar da ɗigo ya ɓata, tazarar ta ƙara faɗi. Amma da facin zai yi shekara 5, da ya kama naira 6,000 a shekara, ya zama shi ne mai riba. Wanda lissafi ya nuna masa sauyawa amma hannunsa bai kai ba, yana iya yi ɗaki ɗaki, ya fara da wanda ake kwana a ciki.

Akwai kuma masu son mayar da rufin ƙasa na kwano, musamman da yake azara ta yi wuya saboda raguwar giginya. Ya kamata su san abin da za su samu da abin da za su rasa. Kwano ba shi da nauyi, ba ya bukatar yaɓe duk shekara. Amma ƙasa mai kauri na jinkirta shigar zafi na awoyi da yawa, shi ya sa soro ke da sanyi da rana, kwano kuwa nan take yake sako zafi sai an yi masa silin da kafofin shan iska. Haka kuma rufin ƙasa nauyinsa ke riƙe shi, na kwano kuwa sai an ɗaure shi can cikin bango, kuma a bar masa baki mai tsawo da zai kare bangon daga ruwa.

Kammalawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin aikin rufi shi ne daga kaka zuwa ƙarshen watan Afrilu, sa'ad da yaɓe zai bushe sosai, katako ba shi da laima, kuma guguwar farkon damina ba ta iso ba. Wanda ya bari sai hadari ya haɗu zai yi aikin gaggawa, ya biya da tsada. Tambayar farko da mai gida zai yi wa magini ko kafinta ita ce halin da azara da katako da bango ke ciki. Amsar wannan ita za ta nuna ko kuɗin faci zai nema ko na sabon rufi. Ɗalibin da ya iya auna lotsawar azara da zare, ya lissafa nauyin ƙasar da ke kan ɗakin mahaifiyarsa, ya riga ya fara amfanar gidansu da karatunsa.

Aikin Aji

1. A ɗora fallen takarda tsakanin littattafai biyu a aza masa biro. Sannan a nannaɗe takardar ta yi tudu da kwari a sake gwadawa. Me ya bambanta, kuma me ya sa?

2. A riƙe siririyar takarda a ƙarƙashin leɓe a hura iska ta samanta. A bayyana dangantakar abin da aka gani da yadda guguwa ke kwaye rufi.

3. A sa ƙusa ɗaya a busasshiyar kwalba, ɗaya a ruwa, ɗaya kuma a ruwa an naɗe ta da ɗan yankin sabon kwanon rufi. A duba bayan mako 1 a rubuta sakamako.

4. Ɗaki na da tsawon mita 4 da faɗin mita 3, da ƙasa mai kaurin santimita 25 a kansa. A lissafa nauyin ƙasar.

5. Katako mai kaurin santimita 12 ya koma santimita 8 saboda gara. Kashi nawa cikin 100 na ƙarfinsa ya rage?

6. A auna rufin aji, a lissafa yawan litar ruwan da zai karɓa idan aka yi ruwa na milimita 30.